Idan Mota Marar Direba Ta Yi Ɓarna, Alhakin Wa?

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda nake ganin lokaci ya yi da za ta shiga azuzuwanmu, wato maganar motocin da suke tuƙa kansu ba tare da direba ba, da irin tambayoyin da suke jawowa game da zaman jama'a da sanin ya kamata.

Na san wani zai yi dariya ya ce, "Haba Malam, a Illela? Mu da muke fama da wutar lantarki, muke raba hanya da jakuna da amalanke, ina ruwanmu da motar da ba ta da direba?" Tambayar tana kan hanya, kuma zan amsa ta. Amma bari mu fara sanin abin da muke magana a kai, domin wanda bai san gari ba ba ya yi wa baƙo kwatance.

Mece ce mota mai tuƙa kanta?

Mota ce kamar kowace mota, da taya da birki da sitiyari, sai dai an ɗora mata kamarori da na'urar rada, da wata na'ura mai harba haske tana auna nisan duk abin da ke kewaye da ita. Waɗannan su ne idanunta. A cikinta kuwa akwai kwamfuta wadda aka nuna wa hotunan hanya masu ɗimbin yawa har ta koyi rarrabe mutum da keke da itace da alamar hanya. Kwamfutar ce take yanke shawarar inda za a juya, da lokacin da za a taka birki.

Abin ba tatsuniya ba ne. A shekarar 2004 hukumar binciken soja ta Amurka mai suna DARPA ta shirya gasa a hamada, ta ce a kawo motar da za ta yi tafiyar sama da kilomita 200 ba direba. Ko ɗaya ba ta kai ba, wadda ta fi ƙoƙari kilomita 12 kawai ta yi. Da aka sake gasar a 2005, motoci 5 suka kai ƙarshe, ta jami'ar Stanford ta zo ta ɗaya. Kamfanin Google ya shiga aikin a 2009, daga baya sashen ya zama kamfanin Waymo a 2016. A 2020 Waymo ya fara ɗaukar fasinja a yankin birnin Phoenix babu kowa a kujerar direba, a 2024 kuma ya buɗe wa kowa da kowa a San Francisco da Los Angeles. A ƙasar Sin ma kamfanin Baidu ya zuba irin waɗannan tasi a birnin Wuhan. Ku duba, daga kilomita 12 zuwa ɗaukar fasinja, shekara 16 ce kacal. Yaron da aka haifa a shekarar gasar farko bai gama sakandare ba aka kai ga haka.

Me ya shafe mu?

Dalili na farko shi ne abin da muka gani da wayar salula. Ta shigo Nijeriya a 2001, mutane da yawa suka ɗauka kayan manyan birane ce. Yau ga ta a aljihun mai kiwo da mai tallan goro. Ta zo da alheri mai yawa, ta kuma zo da damfara da yaɗa ƙarya da hotunan banza, alhali babu makarantar da ta shirya yara don su san yadda za su riƙe ta. Sai da ɓarna ta auku muka fara wa'azi. Tun ran gini ake tun ran zane.

Dalili na biyu, motocinmu yawanci ba sababbi muke saye ba. Abin da Turai da Amurka suka hau suka gaji da shi, shi ne yake zuwa mana ta Kwatano. Tuni ana ƙera motoci masu taka birki da kansu in sun ga abu a gaba, da masu mayar da sitiyari in direba ya kauce daga layinsa. Irin waɗannan za su iso tasharmu a hankali, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi. Garin nan da taya yake cin abinci. Daga Sakkwato a bi ta Kware da Gwadabawa a iso Illela, a tsallaka zuwa Birnin Ƙonni, hanya ce da manyan motoci ba su yankewa a kanta, ɗauke da shanu da albasa da wake da hatsi. A 2024 kuma a nan ƙaramar hukumarmu aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da ake nufin ta kai har Badagry a jihar Legas, mai tsawon sama da kilomita 1,000. A kowane aji namu akwai 'ya'yan direbobi da na makanikai da na 'yan kamasho da na 'yan kabu-kabu. Duk abin da ya taɓa sitiyari ya taɓa kuɗin makarantarsu.

Tambaya ta farko: alhakin wa?

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge wata mata da take tura kekenta tana tsallaka titi, matar ta rasu. Motar tana tuƙa kanta ne a lokacin, ko da yake an ajiye wata ma'aikaciya a kujerar direba don ta sa ido. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa na'urorin motar sun hangi matar sama da daƙiƙa 5 kafin a buge ta, amma kwamfutar ta yi ta canza ra'ayi, yanzu ta ce mota ce, yanzu ta ce keke ne, yanzu ta ce wani abu ne da ba ta sani ba. An gano kuma cewa kamfanin ya kashe birkin gaggawa na asali da motar ta zo da shi, ita kuwa ma'aikaciyar hankalinta yana kan wayarta. A ƙarshe ba a gurfanar da kamfanin a kan laifin kisa ba. Ma'aikaciyar ce ta amsa laifi a 2023, aka yanke mata ɗaurin talala na shekara 3.

To, ɗalibai, wa ya kashe wannan mata? Injiniyan da ya rubuta wa kwamfuta ƙa'ida? Manajan da ya ce a kashe birki? Gwamnatin da ta ba da izinin gwaji a kan titin jama'a? Ko ma'aikaciyar da ta fi kowa ƙanƙantar albashi a cikinsu? Wannan ita ce tambayar da nake so yaranmu su iya yi, domin hatsarin da ke cikin na'ura shi ne tana ba kowa wurin ɓuya. Kowa sai ya ce ba ni ba ne, kwamfuta ce. Ita kuwa kwamfuta ba ta zuwa kotu, ba ta zuwa ta'aziyya, ba ta tuba.

Abin mamaki, Littafi Mai Tsarki ya riga ya taɓa irin wannan matsala. A Littafin Fitowa sura 21 akwai doka a kan sa mai tunkuyi. Idan sa ya kashe mutum ba zato, ana kashe san, mai shi kuwa ba a kama shi da laifi. Amma idan an san san da halin tunkuyi, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyan mai san. Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Illela ya gane wannan doka ba tare da dogon bayani ba. Sa yana tafiya da ƙafarsa, yana yin abin da ya ga dama, duk da haka yana da mai shi. Doka ba ta tambayar sa, tana tambayar abin da mai shi ya sani da abin da ya yi a kan sanin. Haka kuma a Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga don kada wani ya faɗo. Wato alhaki yana farawa tun daga wurin mai gini, tun kafin kowa ya hau bene.

Wasu ƙasashe sun fara bin wannan sawu. A 2024 Birtaniya ta kafa doka wadda ta ce idan mota tana tuƙa kanta bisa izini, ba za a kama wanda yake ciki da laifin yadda ta yi tuƙi ba, kamfanin da aka ba izinin ne zai amsa. A ganina wannan daidai ne. Wanda ya ci riba shi ya kamata ya ɗauki nauyi.

Kada mu ɗauka sai motar ta iso za mu sami misali. Idan babbar mota ta kife da mutane a kan buhunan albasa, direba kaɗai muke zagi. Ina mai motar da ya ƙi sayen taya, ya kuma ɗora wa direba balas ɗin da ba zai samu ba sai ya kwana yana tuƙi? Ina wanda ya yi lodin da ya wuce kima? Ina wanda ya karɓi na goro a shinge ya ɗaga hannu? Ina ɗan kwangilar da ya bar rami a hanya? Mu kan ce ƙaddara ce, gaskiya ne kuwa rai a hannun Allah yake. Amma Allahn da yake riƙe da rai shi ne ya ce a yi wa rufi katanga. Yaron da ya koyi bin sawun alhaki a kan motar Arizona zai iya binsa a kan hanyar Gwadabawa.

Tambaya ta biyu: wa motar take gani?

Masana suna son wata tambaya, wato idan birki ya tsinke kuma dole mota ta buge ko tsoho ko yaro, wa za ta zaɓa? Jami'ar MIT ta Amurka ta yi wa mutanen duniya irin waɗannan tambayoyi ta intanet, ta tara amsoshi kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233, aka buga sakamakon a 2018. Yawancin mutane sun zaɓi a ceci mutum a bar dabba, a ceci masu yawa a bar kaɗan, a ceci yaro a bar tsoho. Abin da ya fi tayar da hankali, da yawa sun fi son a ceci mai matsayi a bar marar galihu.

Ƙasar Jamus ta bi wata hanya dabam. A 2017 wani kwamiti da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin tsohon alƙalin kotun tsarin mulki Udo Di Fabio, wanda har da bishop na Katolika a cikinsa, ya fitar da ƙa'idodi 20. Daga ciki akwai cewa ran mutum yana gaba da dukiya da dabba, kuma haramun ne a tsara mota ta bambanta mutane bisa shekaru ko jinsi ko lafiyar jiki. Mu da muka gaskata cewa cikin siffar Allah aka halicci mutum, ba mu da wata matsaya sai wannan. Ran makaho mai bara da ran shugaban ƙaramar hukuma nauyinsu ɗaya.

Sai dai ni a ganina akwai wariyar da ta fi wannan ɓoyuwa. Binciken hatsarin Tempe ya nuna cewa waɗanda suka tsara kwamfutar ba su sa mata tunanin mutum zai iya tsallaka titi a inda ba a zana wurin tsallakawa ba. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. A Illela wurin tsallakawa nawa aka zana? Kowa a nan haka yake tsallaka titi, daga mai tallan fura zuwa almajiri da ƙoƙonsa, zuwa tsohuwa da ƙunshin itace a ka. Motar da ta yi karatunta a titunan Amurka, ta taɓa ganin raƙumi? Ta san amalanken jaki da ba shi da fitila da dare? Ta san abin da makiyayi yake nufi in ya ɗaga sanda a gaban garke? Za ta iya gani a cikin hazon hunturu? Wanda maƙeri bai tuna da shi ba, na'ura ba za ta gan shi ba. Shi ya sa bai kamata mu zauna jiran abin da wasu za su ƙera mana ba. Muna bukatar 'ya'yanmu a cikin injiniyoyi da lauyoyi da 'yan majalisa waɗanda za su ce, kafin wannan mota ta hau titinmu, sai an gwada ta da mutanenmu a zuciya.

Tambaya ta uku: abincin direba

Dole mu yi adalci, mu faɗi alherin abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma ga yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi shi kisa. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a Nijeriya, har yau ana fama. Kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya don ta hana kanta barci, ba ta tsere da abokiyarta don a riga ta lodi. Idan aka tabbatar tana rage mutuwa, Kirista ba shi da hujjar ƙin ta don kawai baƙuwa ce. Makaho da gurgu da tsoho ma za su sami 'yancin zuwa inda suke so.

Amma ina direba zai sa kansa? A 2024 direbobin tasi a Wuhan sun koka cewa motocin da ba su da direba suna ƙwace musu fasinja saboda arha. Mu a nan ba ma bukatar a ba mu labarin abin da ke faruwa in taya ta tsaya. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A waɗannan watanni ba direbobi kaɗai suka ji jiki ba. Ɗan dako ya rasa kaya, mai faci ya rasa taya, mai abinci a tasha ta rage tukunya, mai shayi ya rage burodi. Direba ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa waɗanda ba nasa ba.

Saboda haka tambayar da za mu koya wa yara ita ce, idan na'ura ta rage kuɗin sufuri, aljihun wa rarar za ta shiga? Kuma wa zai koya wa mutumin da ya shekara 25 a kan sitiyari wata sana'a? Ƙungiyar direbobi da gwamnati da ikkilisiya da masallaci duk suna da abin cewa a nan. Ci gaban da ya bar maƙwabcinka da yunwa, ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Tambaya ta huɗu: wa zai tsaya?

A watan Oktoba 2023 a San Francisco, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban tasin kamfanin Cruise marar direba. Tasin ta taka ta, ta tsaya, sa'an nan ta yi ƙoƙarin komawa gefen titi, ta ja matar a ƙasa kusan mita 6, domin ba ta gane akwai mutum a ƙarƙashinta ba. Hukumar jihar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin a wannan watan, a ƙarshen 2024 kuma kamfanin General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar tasin.

Mun san misalin Basamariye mai kirki a Luka sura 10. A kan hanya abin ya faru, kuma wanda aka yaba shi ne wanda ya ga mai rauni, ya ji tausayi, ya sauko. A hanyoyinmu inda motar asibiti ba ta zuwa da wuri, direban da ya zo wucewa shi ne motar asibiti. Shi yake sauke kaya ya ɗauki mai jini, shi yake rage wa tsohuwa hanya kyauta. Ana iya koya wa na'ura ta tsaya ta kira taimako, ya kamata kuwa a koya mata. Amma tausayi aikin mutum ne, ba a ba da shi kwangila.

Yadda za mu koyar

Ba ma bukatar ɗakin kwamfuta kafin mu fara, allo da alli sun isa. Ga shawarata ga 'yan'uwana malamai.

Malamin Ilimin Addinin Kirista ya ɗauki dokar sa mai tunkuyi ya ajiye ta kusa da labarin Tempe, ya bar yara su gano wane ne mai san. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hukuncin diyya a kan kisan kuskure, saboda haka ɗaliban da suka san wannan su kawo nasu bayani, kowa ya ƙaru.

Malamin lissafi da na kimiyya su sa yara su auna. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma in aka ninka gudu sau 2, nisan da birki yake bukata yana ninkuwa sau 4. Yaron da ya lissafa wannan da hannunsa ba zai ƙara ce wa direba ya taka wuta ba.

Malamin Ilimin Zaman Jama'a ya kai aji tasha, bayan an nemi izinin shugabannin ƙungiya, yara su gaishe da direbobi cikin ladabi su tambaye su: Baba, awa nawa kuke tuƙi a rana? Mutum nawa kuke ciyarwa? Me yake sa a yi lodi ya wuce kima? Ƙungiyar muhawara kuma ta kafa kotun gwaji, wani ya zama lauyan kamfani, wani lauyan iyalan mamaci, wani alƙali. Kada malami ya yi saurin ba da amsa. Aikinmu shi ne mu tabbata ba wanda ya tashi daga aji yana cewa laifin na'ura ne, a wuce wurin.

Gare ku 'yan ajin ƙarshe da kuke shirin barinmu. Waɗansunku za su zama injiniyoyi, waɗansu ma'aikatan kwastan, waɗansu masu motocin haya, waɗansu kuma direbobi, kuma babu sana'ar raini a ciki. Ko wane irin inji aka damƙa muku, ku tuna cewa ku ne masu san. Ku tambayi kanku wa zai ji rauni in abin ya ɓaci, wa aka manta da shi wajen tsarawa, wa zai rasa abincinsa. Ranar da za mu tsaya a gaban Mahaliccinmu, ba za a kira mota ta ba da lissafi ba, mu za a kira.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya tsare direbobinmu a kan hanya, ya ba shugabanninmu hikima, ya kuma albarkaci wannan makaranta da dukan masu hidima a cikinta. Amin.